Nasiha ta waya: wa ke ɗaukar kira idan gida ya ɗau zafi?

Duk wanda ke da ɗan'uwa a Tamanrasat, Sabha, Abijan ko Legas ya san yadda ake tafiyar da gida daga nesa. Kuɗin cefane na zuwa ta Nita ko Al Izza, umarni kuma na zuwa ta vokal ɗin WhatsApp. Uba yana can wurin aikin gini, ya saurari ƙarar ɗansa cikin saƙon minti uku, ya mayar da faɗa cikin saƙon minti biyar, uwa ta ajiye waya a gaban yaron ta danna. A haka ake yanke shawarar cire yarinya daga lakkol, a haka ake tsayar da ranar aure, wani lokaci ma a haka saki ke isowa. Tunda rigima ta koma cikin waya, ba abin mamaki ba ne neman sulhu da nasiha su bi ta can.

A ƙasashe da dama, musamman tun annobar korona ta 2020, ba iyaye da ƴaƴa shawara ta intanet ya zama aiki mai zaman kansa. Uwar da ta kasa shawo kan ɗanta, saurayin da ba sa ga maciji da mahaifinsa, ma'auratan da faɗansu ya fara taɓa yara, sai su yi magana da masanin halayyar ɗan Adam ko wani ma'aikaci da aka horar, ta bidiyo, ta murya ko a rubuce, ba tare da sun taka zuwa asibiti ba. A Nijar abin bai zama tsari ba tukuna. Amma buƙata tana nan, waya tana nan, kuma tuni akwai masu amsa kiran. Abin dubawa shi ne su wane ne, me suka iya, kuma ina sirrin da aka ba su yake ƙarewa.

Nauyin da ke kan gidaje

Shekarun nan sun yi wa magidanta tsauri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, farashin kayan masarufi ya tashi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kaya suka ci gaba da zagayowa ta Togo da Burkina Faso saboda iyakar Benin. Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da ta kashe sama da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda a wurare da yawa iyalai ne ke kwana a cikin azuzuwan. Ba sai an yi bincike ba kafin a san abin da kwanan mutum goma a ɗakin aro ke yi wa haƙurin uba da barcin yaro.

Ga kuma waɗanda ake dawowa da su. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000, ƴan Nijar da ƴan wasu ƙasashe, da Aljeriya ta koro zuwa Asamaka a 2024 kaɗai. Wanda ya tafi bida da kuɗin bashi ya dawo hannu rabbana, yana shiga gida ne da kunya da fushi. Ya tarar matarsa ta saba riƙe gida ita kaɗai, ɗansa ya girma ya koma kwana a fada, wataƙila har ya fara shan tramol. Kowa a gidan yana ganin shi aka cuta.

Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2021 ya nuna mace ɗaya na haihuwar yara 6.2 a matsakaici, kuma kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba. A ɗaya gefen, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a yankin Afirka ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000, alhali matsakaicin duniya 13 ne. Ƴan ƙwararrun da Nijar ke da su, yawancinsu a Yamai suke. Sunan sashensu na babban asibitin ƙasa, Pavillon E, ya zama abin tsokana a bakin mutanen birni. Uwar da ɗanta mai shekara 14 ya daina magana, ya daina cin abinci, ba za ta kai shi can ba, don kada a ce ɗan gidan wane ya taɓu. Nan ne waya ke da fa'idarta ta farko: ba wanda zai ga wanda ya shiga.

Kaka ta yi nisa

Ba yau Bahaushe ya san cewa iyaye da ƴaƴa na buƙatar mai shiga tsakani ba. Al'ada da kanta ta sa katanga a tsakaninsu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ba ya zama hira da ƴarsa budurwa, yaro ba ya ɗaga ido ya gaya wa mahaifinsa abin da ke cin sa. Amma al'adar da ta gina katangar ta bar ƙofofi. Kaka abokiyar wasa ce, tana kiran jikanta miji, jikanya kuma kishiya, cikin wannan wasan take jin abin da uwa ba za ta taɓa ji ba. Gwaggo na iya shiga ɗakin ƙanenta ta gaya masa ya yi kuskure. Kawu mafaka ne ga yaron da aka kora. Idan abu ya fi ƙarfin gida, akwai liman, akwai mai unguwa, akwai fadar sarki, a Yamai kuma ma'aurata da yawa na kai ƙararsu ofishin Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar.

Waɗannan hanyoyi ba su mutu ba, kuma ba su taɓa zama marasa aibi ba. Sau da yawa hukuncinsu kalma ɗaya ce, haƙuri, kuma ƙarami ko mace ake ɗora wa ita. Amma dai akwai wanda zai saurara. Abin da zaman birni da tafiya bida suka yi shi ne raba gidan da waɗannan mutane. Ma'aikacin da ke haya a Yamai, kakar yaransa tana Madawa. Matar da mijinta ke Libiya tana zaune cikin dangin miji, su ne kuma galibi take da matsala da su. Katangar kunya ta biyo iyali birni, ƙofofin suka tsaya ƙauye.

Masu amsa kira a yanzu

Giɓin bai zauna fanko ba. A Facebook da TikTok na Hausa, daga Damagaram har Kano, an saba da wani salo: mace ko matashi ya aiko da labarinsa ya ce a ɓoye sunansa, mai shafi ya karanta, jama'a su yi ta yanke hukunci a ƙasa. Wasu masu shafukan na yi da zuciya ɗaya, kuma ba ƙaramin sauƙi ba ne mutum ya ji cewa ba shi kaɗai ke cikin irin halinsa ba. Sai dai abin da ke kawo wa shafi mabiya shi ne zafin labari. Labarin da ya fi muni shi ya fi tafiya, kuma ba safai ake rabuwa ba sai an tallata kayan mata, ko maganin mallaka, ko rubutun da zai sa yaro ya daina taurin kai. A gari kamar Tasawa ko Birnin Ƙonni, cire suna ba ya ɓoye kowa. Idan aka ce mata ta biyu, mijinta direban babbar mota, ɗanta na fari gurgu, rabin unguwa sun gane ta.

Malamai ma na amsa tambayoyi ta WhatsApp, kuma mutane sun fi yarda da su fiye da kowa. Fatawa na warware hukunci: ko saki ya auku, wa ke da haƙƙin riƙon yaro, mene ne wajibin uba. Amma yarinyar da ke fitsarin kwance tun ranar da ƴan bindiga suka shiga ƙauyensu a yankin Gidan Runji, ba hukunci take nema ba. Malamin da ya san iyakar iliminsa zai so ya sami inda zai tura ta, kuma yau da wuya ya samu.

Sabon shiga cikin masu amsa kiran shi ne na'ura. Ɗalibai da yawa na zuba wa ChatGPT da ire-irensa cikinsu da Faransanci cikin dare. Ba ya gajiya, ba ya tsegumi a unguwa. Amma bai san gidan ba, kuma ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofa idan rai na cikin haɗari. A Agustan 2025 iyayen wani yaro mai shekara 16 sun kai kamfanin OpenAI ƙara a jihar Kalifoniya ta Amurka, suna zargin hirar da ɗansu ya riƙa yi da manhajar ta taimaka wajen kashe kansa. Bayan haka ne kamfanin ya fito da hanyar da iyaye za su sa ido kan asusun ƴaƴansu.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Salon da ya fi suna a Turai da Amurka, wato biyan kamfani kuɗi da katin banki don a haɗa mutum da ƙwararre, ba na Nijar ba ne. Kamfani irin BetterHelp na karɓar sama da dalar Amurka 60 a mako. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Lissafin ya ƙare tun a nan.

Darasin da ya fi kusa yana Zimbabuwe. Likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda, ganin ƙasarsa ba ta da likitoci irinsa sai ƙalilan, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren mutane. Ba sa cewa mutum yana da ciwon hauka. Suna amfani da kalmar yaren Shona mai nufin yawan tunani, abin da duk Bahaushe zai gane, domin da wannan sunan ake kiran ciwon a nan ma. Aikinsu a tsare yake: zama shida, a fitar da matsalolin ɗaya bayan ɗaya, mai matsala ya zaɓi wadda zai fara da ita, a fitar da matakin da zai iya ɗauka kafin zama na gaba. Gwajin da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2016, kan mutum 573, ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a kan kusan kashi 50 na waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba. Da korona ta zo, shirin ya ƙara da zama ta waya da WhatsApp.

A Labanan, Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiyar ƙasar sun gwada wani shiri na waya ga ƴan gudun hijirar Siriya: darasi biyar cikin siffar labari mai hotuna, sannan wani ma'aikaci da ba likita ba ya kira mutum na kimanin minti 15 a mako. Ya rage damuwa, ko da yake da yawa sun bari a hanya. UNICEF da masu bincike na jami'ar Oxford da na Afirka ta Kudu kuma sun fito da ParentText, mai aika wa iyaye darussan tarbiyya ta WhatsApp da makamantansa: yadda za a ware wa yaro lokaci, yadda za a yaba masa, yadda za a hore shi ba da bulala ba. Ciwon irin waɗannan manhajoji ɗaya ne a ko'ina, mutane na shiga da ɗoki su daina bayan kwana kaɗan, sai fa inda akwai ɗan Adam da ke bibiya.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne ba su jira likita ba, kuma ba su bar mutum da na'ura ita kaɗai ba. Mutum ne na gari, mai jin yaren, aka horar, aka sa ƙwararre a bayansa yana duba aikinsa, yana karɓar abin da ya fi ƙarfinsa. Nijar ba baƙuwar wannan dabara ba ce. Makarantar mazaje da aka fara a jahar Damagaram tare da UNFPA a ƙarshen shekarun 2000 ta nuna magidanci ya fi jin magana daga bakin magidanci ɗan'uwansa. Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen ilimin halayyar ɗan Adam da ke yaye ɗalibai. Ungozomomi, malaman makaranta da suka yi ritaya, malamai mata na Islamiyya, duk mutane ne da tuni ake kai wa kuka.

Wayar wa?

A nan ne abin ke da wuya. Masu shiga intanet a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na al'umma ba. Manyan da suka iya karatu sun ɗan haura kashi ɗaya cikin uku, mata kuma sun fi baya. Zuwan Starlink a 2025 bai sauya wa matar da ke ƙauyen Kance komai ba, ita da ke hawa tudu neman rezo. Don haka duk shirin da aka gina kan rubutu, balle rubutun Faransanci, ya zaɓi ƴan bokon birni ya bar saura. Murya ce hanya, kira na kyauta ko vokal mara cin forfe da yawa. Kundin da ya mayar da Hausa harshen ƙasa a Maris na 2025 ya ba da hujjar farawa da ita, amma damuwa ba ta jin yaren aro: mai Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci da nasa zai yi kuka.

Murya kuma tana da nata raunin. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, mai saurare ta waya kuwa ba ya ganin fuska. Ba ya ganin tabon duka, ba ya sanin ko wanda ake ƙara yana tsaye a bakin ƙofa. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta maigida. Inda mace ke da tata, ba abin mamaki ba ne miji ya san lambar buɗe ta. Yaro kuwa aro yake yi. Vokal da aka manta ba a goge ba na iya jawo dukan da ya fi wanda aka kira a kansa. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata na aure kafin shekara 18, mai kira da yawa za ta kasance yarinya ce kuma matar aure, wani lokaci ma uwa, wadda ba ta da ikon wayar da ke hannunta.

Sai maganar inda bayanan ke zuwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma kamfani ba shi da irin wannan cikin. A 2023 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tilasta wa BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa wa Facebook da Snapchat bayanan masu neman shawara don talla, bayan ya yi musu alkawarin sirri. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita. Amma dokar ta fi sauƙin aiki a kan banki ko kamfanin waya. Mai shafin da ke tara vokal ɗin matan aure a wayarsa ba shi da rajista a ko'ina, kuma ranar da wayar ta ɓace ko ya ɓata da wata daga cikinsu, babu inda za ta kai ƙara ba tare da ta ƙara tona kanta ba.

Ƴan Nijar mazauna waje na da nasu kalar matsalar. Uban da ke Burussel, Hambug ko Girinsboro yana renon yaro a ƙasar da dokarta ta bambanta da wadda aka rene shi da ita. Faransa ta haramta dukan tarbiyya a 2019, kuma kowane ɗan makaranta ya san lamba 119. Uba na jin an ƙwace masa ɗa, yaro na jin ba a fahimtarsa, sai a kai ga barazanar da kowa ya sani, cewa za a mayar da shi gida Tawa ya koyi hankali. Masanin halayya na can bai san mene ne ɗan fari ba, na gida kuma bai san dokar can ba, kuma a Amurka ma lasisin mai ba da shawara na jiha-jiha ne. Amma su ne suka fi kowa ikon biya. Kamar yadda ƙungiyoyin ƴan gari ke haɗa kuɗin rijiya ko na masallaci, albashin mai saurare guda biyu a garinsu ba zai gagare su ba, kuma matansu da ƴaƴansu da suka bari ne za su fara amfana.

Batun kuɗi ba na wasa ba ne, domin yawancin aikin kwantar da hankalin yara da iyaye a Nijar ƙungiyoyin agaji ne ke ɗaukar nauyinsa, musamman a Difa, Tilaberi da sansanonin ƴan gudun hijira na Maraɗi. Amurka ta dakatar da tallafin USAID a Janairun 2025, a Fabrairu kuma hukumomin Yamai suka umarci ƙungiyar Croix-Rouge ta duniya ta bar ƙasar. Layin waya da aka buɗe da kuɗin shiri na shekara biyu yakan mutu ranar da shirin ya ƙare, alhali lambar na nan rubuce a bangon makaranta. Kamfanonin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms na iya barin gajeriyar lamba kyauta idan hukumar ARCEP ta nema. Albashin masu ɗauka da na ƙwararren da ke bayansu shi ne abin da sai an sa a kasafin ma'aikatar lafiya ko ta kula da yara.

Ko an sami duk wannan, akwai kiran da saurare ba ya isar masa. Yarinya ta ce gobe za a ɗaura mata aure kuma ta sayi maganin ɓera. Yaro ya ce mijin uwarsa na shigar masa ɗaki. A nan mai ɗaukar kira na buƙatar sunan mutum da lambarsa a garin da abin ke faruwa: ma'aikacin kula da yara na gunduma, alƙalin yara, sashen ƴan sanda mai kare mata da ƙananan yara, ko mai garin da aka riga aka zauna da shi aka yi yarjejeniya. A Yamai, Maraɗi ko Damagaram ana iya haɗa wannan jerin cikin mako guda. A ƙauyen da ke da nisan kilomita 80 daga Dakwaro, wanda zai iya isa ƙofar gidan kafin gari ya waye galibi mai gari ne ko ma'aikacin ƙaramin asibiti, kuma dole shi ma a horar da shi tun kafin a raba lambar.